Labarin Mu'utaz Barshim, Gwanin Tsallen Sama

Babu ɗan makarantar da bai san wasan nan na tsallen sama ba. A kafa itace biyu a bakin ramin yashi, a gitta sanda a bisansu, yara su yi layi, kowa ya sheƙo a guje ya tsallake. In duk sun wuce, a ɗaga sandar kaɗan. Wanda ya kayar da ita sau uku a jere, ya koma gefe ya zama ɗan kallo. Mu da mu kan tsaya da ma'auni a bakin ramin nan kowace shekara ran wasannin makaranta, mun lura da wani abu a cikinsa wanda babu shi a sauran wasanni. Mai tsere in ya ci, ya ƙare da cin nasara. Ɗan kokawa in ya ka da abokin karawarsa, shi ke nan, sai kiɗa. Amma mai tsallen sama, ko da shi ne na ɗaya, galibi da faɗuwa ya kan ƙare, gama in kowa ya fita ya rage saura shi kaɗai, sai a yi ta ɗaga masa sandar har ta kai inda shi ma zai kayar sau uku. Watau a wasan nan sanda ce ke da magana ta ƙarshe.

To, yau muna so mu ba ku labarin wani mutum da ya yi shekara goma sha biyar yana fama da sandar nan a gaban idon duniya. Sunansa Mu'utaz Isa Barshim, mutumin ƙasar Katar. Muna roƙonku ku bi labarin da natsuwa har ƙarshe, don akwai wata gardama a cikinsa wadda za mu so ku ma ku auna.

Yadda Wasan Yake

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita ma'auni. A manyan wasannin duniya da mita da santimita a kan auna tsalle. In kun ga mun rubuta 2.30, nufinmu mita 2 da santimita 30. Don ku gane tsawon da a ke magana, ku tafi filin ƙwallo ku tsaya a ƙarƙashin ƙarfen nan na bisa raga. Daga ƙasa zuwa gare shi ƙafa 8 ne, watau 2.44. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo gare shi.

Dokokin ba su da yawa. Da ƙafa ɗaya a ke tashi. Kowa yana da gwaji uku. In mutum biyu suka tsaya a tsawo ɗaya, sai alƙalai su duba wa ya fi ƙarancin kayarwa a wannan tsawon. In nan ma ɗaya suke, a ƙidaya kayarwarsu tun daga farkon wasa. Saboda haka kuskuren da mutum ya yi da sanyin safiya yana iya cinye shi da yamma.

Mutanen dā da irin tsallen nan na almakashi suka fara, wanda ku ma da shi ku kan fara, a jefa ƙafa ɗaya sa'an nan ɗayar ta biyo. A shekarar 1912 wani Ba'amurke, Joj Horin, ya zama na farko da ya tsallake mita 2, shi kuwa a kwance ya kan wuce ta gefen jikinsa. Daga baya aka koma wucewa rub da ciki. Ana nan sai a wasannin Olamfik na birnin Meziko, a 1968, wani saurayi Ba'amurke mai suna Dik Fosbari ya zo da abin da ya ba mutane dariya: ya sheƙo a karkace, ya juya wa sanda baya, ya wuce da kai tukuna, ya faɗa rigingine. Da wannan ya tsallake 2.24 ya ɗauki zinariya, dariya ta koma koyi. Abin da ya sa dabararsa ta yiwu shi ne an riga an fara shimfiɗa katifar soso mai kauri maimakon yashi. Muna gargaɗinku, kada wani ya gwada ta a ramin yashin makaranta, wuyansa ne zai biya. Da dabarar Fosbari ne Habiya Sotomayo, mutumin Kyuba, ya tsallake 2.45 a garin Salamanka na ƙasar Sifen ran 27 ga Yuli, 1993. Wannan shi ne tsalle mafi tsawo da aka taɓa rubuta wa ɗan Adam.

Yaron Doha

An haifi Mu'utaz a birnin Doha ran 24 ga Yuni, 1991, asalin gidansu kuwa daga Sudan ne. Ubansa ɗan wasan guje-guje ne, ya yi tseren tafiya da ƙafa, daga baya ya koma koyarwa. Tun yaron yana ƙarami ya kan bi shi filin wasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ban da Mu'utaz, ƙanensa Mu'ammar ya zama mai tsallen sama, wani ƙanen kuma, Mish'al, ya zama mai tsaron raga na ƙungiyar ƙwallon ƙasar Katar.

Da fari gudu da tsallen nesa ya taɓa. Sai da ya kai wajen shekara goma sha biyar ya tsaya kan tsallen sama, ya kuma shiga makarantar Aspire ta Doha, inda a ke haɗa karatu da horon wasanni. Da ya gama a 2009, ya faɗa hannun wani malami mutumin Folan, Stanislaw Shirba, wanda ya riƙe shi kamar ɗa shekara da shekaru. Yaron dogo ne siriri kamar sillen kara, ba ka ce iska ba za ta ɗauke shi ba. Amma tsallen sama ba ya son nauyi. Abin da yake so shi ne saurin sheƙowa, da ƙafar da ke iya dukan ƙasa ta mai da gudu ya zama tashi, da bayan da ke lanƙwasa kamar baka. Duk ukun nan yana da su.

A 2010, yana da shekara goma sha tara, ya ci gasar samarin duniya a garin Monkton na Kanada da tsallen 2.30, ya kuma ci wasannin ƙasashen Asiya a ƙasar Sin. A Monkton ɗin nan ne ya fara gamuwa da wani yaro Ba'italiye mai yawan surutu da raha, Janmarko Tamberi, wanda shi ma ubansa mai tsalle ne. A ran nan ba wanda ya kula da wannan gamuwa.

Shekarun Hawa

A 2012 Barshim ya tafi Olamfik na Landan da ciwo a jikinsa, don wani ƙashi na gadon bayansa ya tsage saboda yawan horo. Duk da haka ya tsallake 2.29. Wasu mutum biyu, Derek Duruwin na Kanada da Robi Garabaz na Ingila, su ma nan suka tsaya, lissafin kayarwarsu kuma ya zo daidai da nasa, sai aka ba su lambar tagulla su uku. Wani Barashe, Iban Ukof, shi ya ɗauki zinariya. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2019 kotun wasanni ta duniya ta same shi da laifin amfani da magungunan ƙara ƙarfi da aka hana, aka soke nasararsa. A 2021 aka mai da zinariyar ga Erik Kinad na Amurka, su ukun nan kuma tagullarsu ta zama azurfa. Shekara tara hakkinsu yana hannun wani kafin ya komo.

Daga nan sai hawa. A watan Yuni na 2013, a garin Yujin na Amurka, ya tsallake 2.40, abin da aka yi shekara goma sha uku ba wanda ya yi a fili. A shekarar ne kuma ya sami abokin karo na gaske, Bodan Bondarenko, mutumin Yukiren, wanda ya ka da shi a gasar duniya ta Mosko da 2.41, shi yana da 2.38. Shekarar 1914 ta shiga tarihi da yaƙi, ita kuwa 2014 masu sha'awar tsalle suna tunawa da ita saboda karon mutanen nan biyu. Duk inda suka gamu sai sanda ta sha wuya. A Niyok, cikin watan Yuni, su biyu suka tsallake 2.42 a yini ɗaya, Bondarenko ya ci da lissafin kayarwa. Ran 5 ga Satumba kuma, a birnin Burasal na Beljiyam, Barshim ya rama, ya tsallake 2.43.

To, ku tuna da ƙarfen ragar nan da muka ce ku tsaya ƙarƙashinsa. Santimita ɗaya tak ya rage tsallen nan ya kai shi. Mutum ya sheƙo, ya daki ƙasa da ƙafa ɗaya, ba gora ba tsani, ya wuce da dukan jikinsa ta inda yawancinku ko da miƙa hannu ba za ku taɓo ba. Ban da Sotomayo, babu wanda ya taɓa wuce wannan. Tsakaninsa da Sotomayo kuwa santimita biyu ne, faɗin yatsa guda. Yana da shekara ashirin da uku, kowa ya ce ai gobe ko jibi zai shafe sunan mutumin Kyuba. Ya sha sa a ɗaga masa sanda zuwa 2.46, ita kuwa ta sha faɗowa.

Ba kullum a ke kwana a gado ba. A gasar duniya ta Bejin, a 2015, na huɗu ya zo, ya koma gida hannu wofi. A Olamfik na Riyo, a 2016, ya tsallake 2.36, amma Duruwin, abokin rabon tagullarsa na Landan, ya yi 2.38, ya bar shi da azurfa. Sai a 2017 ya sami shekarar da ba a ka da shi ko sau ɗaya ba. Ya ci gasar duniya a Landan da 2.35, hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya kuma ta zaɓe shi gwarzon shekara cikin maza duka.

Idon Sawu Biyu

Nan za mu ɗan bar Barshim mu koma ga yaron nan Ba'italiye, gama daga nan labarinsu ya zama ɗaya. Tamberi ya girma ya zama gwani, har an san shi da wata al'ada ta aske rabin gemu ya bar rabi in zai shiga babbar gasa. A 2016 ba wanda ya kai shi zafi. Ya ci gasar duniya ta cikin ɗaki, ya ci ta Turai. Ran 15 ga Yuli, a Monako, ya tsallake 2.39, abin da wani Ba'italiye bai taɓa yi ba. Maimakon ya tsaya nan, sai ya nemi 2.41. Yana dukan ƙasa, jijiyar idon sawunsa na hagu ta tsinke. Saura mako uku a buɗe Olamfik na Riyo. Ya je Riyo, amma a kan sandunan guragu, yana cikin 'yan kallo yana hawaye. Ɗaurin nan mai tauri da likitoci suka sa masa a ƙafa, da aka cire bai yar ba. Ya rubuta a jikinsa cewa tafiya Tokiyo ta fara, ya ajiye.

Da ya komo wasa a 2017 ƙafar ta warke, amma zuciya ba ta warke ba. A wata gasa a birnin Faris ya kasa tsallake ko tsawon farko. Ya koma masauki ya kulle ɗaki, ya ƙi magana da kowa. Shi da kansa ya ba da labari daga baya, ya ce Barshim ne ya zo ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, ya ƙi tafiya har sai da aka buɗe masa. Ya zauna ya saurari kukansa, sa'an nan ya ba shi shawara kada ya yi gaggawa, ya daina tsalle don cika burin mutane, ya yi don kansa. Ku lura, wanda ya yi wannan ba malaminsa ba ne, ba kuma ɗan ƙasarsu ba. Abokin takararsa ne, wanda in Tamberi ya warke shi zai fara tsone wa ido. Harshensu ba ɗaya ba, addininsu ba ɗaya ba. Zumunta dai a ƙafa take.

Shekara guda bayan wannan, abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Ran 2 ga Yuli, 2018, a ƙasar Hangari, Barshim ya tsallake 2.40 da sauƙi, ya ce a ɗaga masa 2.46. Gwajin farko saura ƙiris ya wuce, har mutane sun fara ihu kafin sanda ta faɗo. A gwaji na uku jijiyoyin idon sawunsa na hagu suka tsinke, ƙafar da ya ke tashi da ita ke nan. Aka yi masa aiki, ya yi watanni bai yi tsalle ba. Mai tsalle in idon sawunsa ya lalace, kamar maƙeri ne hannunsa na dama ya shanye. Da yawa sun ɗauka labarinsa ya ƙare. Wanda ya fi kowa sanin abin da ya ke ji a lokacin nan kuwa, shi ne mutumin da ya ƙwanƙwasa wa ƙofa bara.

Daren Doha

Gasar duniya ta 2019 a Doha aka yi ta, garinsu. Wata goma sha biyar ke nan da raunin, wasannin da ya yi kafin ta kuwa ba su ba kowa ƙarfin zuciya ba. An yi ta ƙorafi a makon nan cewa filin Halifa ba ya cika, amma ran 4 ga Oktoba da dare ya cika ya batse, don ɗan gida zai yi tsalle.

Da aka kai 2.33 ya kayar, ya sāke ya kayar. Saura gwaji ɗaya, in ya kayar ko tagulla ba zai gani ba, a gaban iyayensa da sarkin ƙasarsu. Ku da kuka taɓa tsayawa a bakin layi saura muku gwaji ɗaya, dukan makaranta ta zuba muku ido, kun san yadda gwiwa ta kan yi. Ya tsaya, ya nemi jama'a su yi masa tafi, ya sheƙo, ya wuce. Daga nan kamar an kwance masa dabaibayi. Ya tsallake 2.35 a gwajin farko, ya tsallake 2.37 a gwajin farko, Rashawa biyu suka kasa. Ya zama namiji na farko da ya ci tsallen sama a gasar duniya sau biyu a jere. Saura abu guda da bai samu ba, zinariyar Olamfik.

Tokiyo

Annobar korona ta sa aka ɗage Olamfik na Tokiyo daga 2020 zuwa 2021, aka kuma hana 'yan kallo shiga. Saboda haka ran 1 ga Agusta, a cikin ƙaton fili wanda kujerunsa ke wofi, aka yi tsallen da muke ba ku labarin nan dominsa.

An fi sa'a biyu ana fafatawa. Barshim bai kayar ko sau ɗaya ba har 2.37. Tamberi ma haka. Wani mutumin Belarus, Maksim Nedasekau, shi ma ya tsallake 2.37, amma ya riga ya kayar a baya, lissafi ya ajiye shi na uku. Aka ɗaga sanda zuwa 2.39, daidai da tsalle mafi tsawo da aka taɓa yi a Olamfik, wanda Cals Ostin na Amurka ya yi a 1996. Tamberi ya ɗauko tsohon ɗaurin ƙafarsa, wanda ya zo da shi tun daga Italiya, ya ajiye a bakin hanyar da zai sheƙo. Kowannensu ya gwada sau uku, kowannensu ya kayar sau uku. Aka duba takarda, ba inda ɗaya ya ɗara ɗaya.

In haka ta faru, abin da aka saba shi ne tsallen raba gardama. A ba kowa gwaji ɗaya. In duk sun kayar a sauke sanda santimita biyu, in duk sun wuce a ɗaga, har ɗaya ya wuce ɗaya ya kasa. Amma a cikin littafin dokoki akwai wani layi da ya ce in masu tsallen suka ƙi ci gaba, sai a bar su kunnen doki a matsayi na ɗaya. Alƙalin wasa ya kira su ya fara yi musu bayani. Barshim ya katse shi, ya tambaya, "Za a iya ba mu zinariya biyu?" Alƙali ya ce yana yiwuwa. Bai rufe baki ba, suka dubi juna, suka tafa. Tamberi ya daka tsalle ya maƙale a wuyan Barshim, sa'an nan ya faɗi yana birgima a ƙasa yana kuka. Barshim ya taka a hankali zuwa wurin malaminsa, shi ma hawaye ya ci ƙarfinsa. Kashegari, da yake saboda annoba ba mai rataya wa wani lamba, sai suka hau dandamali ɗaya, kowa ya rataya wa ɗan'uwansa.

Gardamar Da Ta Biyo

Duniya ta yi murna da abin nan, amma ba kowa ba. Wasu masana wasanni suka ce an ɓata ma'anar gasa. Hujjarsu ita ce, an tara mutane daga ko'ina don a san wane ne na ɗaya, in kuwa masu takara za su iya shiryawa tsakaninsu su raba, gobe kowa sai ya guji wuya ya nemi sulhu. Suka ce tsoron faɗuwa ne aka sa wa rigar zumunci. Ba za mu ce maganarsu banza ce ba. Mu kanmu a aji ba mu yarda yaro biyu su shirya su ce a ba su na ɗaya tare don gudun jarrabawa.

Amma ga abin da muka gani. Na fari, ba su guji jarrabawa ba, sun gama ta, kowa ya amsa abin da ɗan'uwansa ya amsa, ya kasa inda ya kasa. Na biyu, ba su karya doka ba, doka ce ta ba su zaɓi, ba kuwa su suka fara ba, don tun a Olamfik na Landan na 1908 Amurkawa biyu sun raba zinariya a tsallen dogara gora. Na uku, tsallen raba gardama bayan sa'a biyu ba ya nuna wanda ya fi gwaninta, sai dai wanda gajiya ta fi jinkirin kamawa, ga shi kuwa duk su biyu da ɗinki a idon sawu. Wanda ya ce Barshim matsoraci ne, sai ya tuna mutumin nan ne ya tsinke ƙafarsa wajen neman 2.46 a ranar da ya riga ya ci gasa, ba mai tilasta shi. Ya kuma tuna a takarda shi ne ya fi, mai 2.43 a kan mai 2.39, da an ci gaba shi a ke kyautata wa zato. Duk da haka daga bakinsa tambayar ta fito.

Rabon bai sa sun daina karo ba. A 2022, a Yujin, Barshim ya ci gasar duniya karo na uku a jere da 2.37, Tamberi ya zo na huɗu. A 2023, a Budafes, Tamberi ya ci da 2.36, Barshim ya zo na uku. Ba wanda ya sassauta wa wani.

A Olamfik na Faris, a 2024, aka ga ƙarshen zancen ta fuska biyu. Ran tankaɗe, Barshim yana sheƙowa sai jijiyar sharaɓarsa ta ɗaure, ya faɗi yana riƙe da ƙafa. Wanda ya fara rugowa ya durƙusa yana miƙe masa ita, Tamberi ne, alhali shi ma ciwon ƙoda yana cinsa a makon nan. Alheri danƙo ne. A ran ƙarshe ciwon ya hana Tamberi kataɓus, Barshim kuwa ya tsallake 2.34 ya ɗauki tagulla, lambarsa ta huɗu ke nan a Olamfik huɗu a jere. Sai ga shi kuma mutum biyu sun sāke yin kunnen doki a sama, Hemish Ka na Niyuzilan da Shelbi Makiwin na Amurka, a 2.36. Su suka zaɓi tsallen raba gardama. Suka kayar a 2.38, suka kayar a 2.36, sai da aka sauko 2.34 Ka ya wuce ya ci. Ba mu zarge su ba, hakkinsu ne, babu kuwa irin abin da ke tsakanin waɗancan a tsakaninsu. Amma wanda ya ga gwanaye biyu a gajiye suna kayar da tsawon da suka riga suka wuce, ya fahimci abin da aka guje wa a Tokiyo.

To, 'yan makaranta, ga lissafin mutumin nan. Zinariyar gasar duniya uku, lambar Olamfik huɗu, tsalle na biyu mafi tsawo a tarihi. Abin da ya fi so kuwa, watau ya wuce Sotomayo, bai samu ba, faɗin yatsan nan ya gagare shi, har ya kusa cinye masa ƙafa. Muna tsammani wannan ne ya koya masa abin da ya yi a Tokiyo. Wanda ya daɗe yana karo da sanda ya san ba mutumin da ke kusa da shi a layi ne ke kayar da shi ba, su duka abu ɗaya ke kayar da su.

Ran wasannin makaranta na tafe. Cikinku ɗaya ne zai ɗauki kyauta, saura duk za su kayar sau uku su koma gefe, shi ma mai kyautar daga baya zai biyo su. Muna so kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kada wanda ya bar wa wani ko santimita ɗaya don kunya ko don abota. Amma mu da ke riƙe da ma'auni, ban da tsawon tsalle za mu kuma duba wane ne zai je wurin yaron da ya fita tun a zagayen farko, ya zauna kusa da shi.